Na'urar gwaji LCR-T4: jabun kayan gyara da take kamawa da waɗanda ke wuce ta

Duk mai gyaran kayan lantarki a Sakkwato ya san wannan ciwon. A canza wa inbata MOSFET takwas, wato taransistocin da ke buɗe wa wuta hanya su rufe a cikinsa, a gwada shi da ƙwan fitila ya tashi lafiya lau, mai shi ya kai gida ya ɗora masa firji da fanka biyu, kafin Juma'a ta zagayo ya dawo da shi yana warin ƙuna. Dalma ta kama, wayoyi suna inda suke, aikin hannu ba shi da aibi. Kayan da aka saka ne ba su kai abin da aka rubuta a jikinsu ba. Asarar kuma a kan mai gyara take sauka, domin shi mai kaya ya sani, bai san wanda ya sayar ba.

Kayan gyaran da ake samu a shagunan cikin gari, na Babbar Kasuwa da na wajajen titin Ahmadu Bello da titin Emir Yahaya, daga nesa suke zuwa. Wasu ta Kano, wasu ta kasuwar Alaba a Legas, asalinsu kuma galibi ƙasar Sin. Kafin taransisto ɗaya ya iso hannun mai gyara ya bi ta hannu uku ko huɗu, kuma na ƙarshen, wato mai shagon da muke gaisawa da shi kullum, sau da yawa shi ma bai san abin da ke cikin ledar ba. Ya saya ne da yarda, yana sayarwa da yarda. Saboda haka rantsuwarsa ba ƙarya ba ce, amma ba ta wadatar ba. Dole mai saye ya zo da abin da zai auna, kuma mafi arhar abin aunawa da ke da amfani a bakin kanta shi ne wannan 'yar na'urar da ake kira LCR-T4.

Allo ne ɗan ƙarami da bai wuce tafin hannu ba. Yana da fuska mai haske, maɓalli guda ɗaya, da soket mai ɗan hannu da ake ɗagawa a saka ƙafafun abu a danne. Ramukan soket ɗin suna da lamba 1, 2 da 3, wasu lambobin an maimaita su don manya da ƙananan kaya su samu wurin shiga. Batir mai bolt 9 yake ci. Ƙwaƙwalwarsa IC ne, wato dunƙulalliyar da'ira mai ƙafafu da yawa, mai suna ATmega328, manhajar da ke ciki kuma ba kamfanonin Sin ne suka ƙirƙira ta ba. Markus Frejek ne ya fara wallafa ta kyauta a 2009 a wani dandalin masu sha'awar lantarki na Jamus, daga baya Karl-Heinz Kübbeler ya faɗaɗa ta, masana'antu suka ɗauka suna bugawa da sunaye iri-iri. Kuɗin na'urar bai kai na multimita mai kyau ba. Kana saka abu ka danna maɓalli, cikin 'yan daƙiƙoƙi za ta faɗa maka ko resisto ne, ko kafasita, ko diyod, ko taransisto NPN ko PNP, ko MOSFET, ta zana maka wace ƙafa ce wace, ta ba ka lambobin da ta auna.

Akwai abu guda da ya kamata a riƙe tun farko, domin shi ne ke bayyana ƙarfinta da rauninta gaba ɗaya. Kowace ƙafar gwaji tana bi ta resisto mai om 680 ko mai kilo-om 470, wutar da na'urar ke aiki da ita kuma bolt 5 ce. Wato mafi yawan abin da za ta iya turawa cikin abin da ake gwadawa bai wuce miliamp 7 ba. MOSFET ɗin da zai ɗauki amp 25 a cikin inbata, ita da miliamp 7 take tambayarsa. Tana gane jinsin abu da siffarsa, amma ƙarfin da zai iya jurewa ba ta isa ta gani ba.

Kafin a yarda da kowace lamba da ta bayar, a saita ta. A haɗa ramuka 1, 2 da 3 da guntuwar wayar tagulla mai kauri, a danna maɓalli. Za ta shiga gwajin kanta, can ta nemi a cire wayar, sannan ta nemi a saka kafasita da ya wuce 100nF tsakanin 1 da 3. A ba ta na fim mai kyau, kamar 220nF ko 470nF, kada a ba ta mai ruwa a ciki. Wanda bai yi wannan ba zai ga tana ƙara masa kusan rabin om a kan duk abin da ya auna, kuma a wajen ESR, wato turjiyar cikin kafasita, rabin om shi ne bambancin lafiyayye da matacce. Idan za a yi aiki da wayoyi masu bakin kada, a saita ta da wayoyin a jiki. Batir kuma a sa mata alkalin. Irin mai arhar nan da ake sayarwa a tebur yana sauka da wuri, lambobi su fara yawo. Tana nuna ƙarfin batir idan ta tashi, da zarar ya kusa bolt 7 a canza.

Abin da ya fi kashe wannan na'ura shi ne kafasita mai caji. Ƙafafun soket ɗin suna shiga ƙwaƙwalwar kusan kai tsaye, ba wata kariya ta a zo a gani. Babban kafasita na allon wutar talabijin ko caja yana riƙe kusan bolt 325 daga wutar NEPA mai bolt 230, wanda ke bayan da'irar PFC, mai gyara yadda ake jan wuta, kuma yana kaiwa kusa da 400, kuma yana iya riƙe ta bayan an zare waya. Ko na bolt 25 da ke ɗauke da caji ya isa ya ƙona ƙafa ɗaya ta ATmega328. Daga nan na'urar za ta riƙa ganin diyod ko resisto a soket ɗin da babu komai. A sauke caji da resisto mai kilo-om 4.7 wat 5, a riƙe shi 'yan daƙiƙoƙi, a duba da multimita. Kada a haɗa ƙafafun da sukundireba. Tartsatsin yana cin ƙafar, yana kuma raunata kafasita ɗin daga ciki.

A wajen kafasita mai ruwa ne na'urar ta fi biyan kuɗinta. Lambobi uku take bayarwa: girma, ESR, da Vloss. Girma yana da sassauci na kashi 20 cikin ɗari sama ko ƙasa, don haka sabon 1000µF da ya nuna 870 ko 1100 ba laifi. Wanda ya nuna 470 ko 600, ko dai ya bushe a ajiya, ko kuma an sa wa ƙaramin kafasita rigar babba. Wannan dabarar ta ƙarshe ta fi yawa a manyan gwangwanaye irin 10000µF na amfilifaya, inda za a yanka a tarar da ɗan ƙarami a ciki an jona ƙafafunsa, sauran wurin iska ce. ESR kuwa ita ce turjiyar cikin kafasita ɗin. Na 1000µF 25V da aka yi don wutar suwicin, irin ta caja da talabijin, ya kamata ya nuna ƙasa da 0.10Ω, masu kyau suna zama wajen 0.03 zuwa 0.06. Idan sabo ya nuna 0.3 ko 0.5, zai yi aiki a rediyo, amma a fitar wutar talabijin ko risiba zai yi zafi ya kumbura. Ƙananan kafasita ESR ɗinsu ya fi yawa bisa ɗabi'a, don haka 10µF 50V da ya nuna om ɗaya ko biyu ba abin tayar da hankali ba ne. Vloss, wato kason bolt ɗin da kafasita ke zubarwa bayan an caje shi, idan ya haura kashi uku ko huɗu cikin ɗari a sabon kaya alama ce ta yoyo ko daɗewar ajiya. Akwai kuma wanda ke ruɗar mutane: tsohon kafasita da ya nuna girma fiye da rubutunsa da nisa, 1000 ya zama 1500. Ba ƙarin alheri ba ne, yoyo ne ya sa yake jinkirin cika, na'urar ta ɗauka girma ne.

Bolt ɗin da aka rubuta a rigar kuwa, na'urar ba ta da ta cewa. Kafasita na 16V da aka sake wa riga aka rubuta 35V zai ba da lambobi masu kyau a bolt 5, ya fashe a bolt 24. Nan sai ido da hannu. A ajiye na asali guda ɗaya da aka ciro daga allon kamfani a riƙa kwatanta tsawo da kauri da nauyi, domin girma ɗaya da bolt mafi yawa yana buƙatar gwangwani mafi girma. A duba tsagar da ke saman gwangwanin: ta Rubycon kamar harafin K take, ta Panasonic kamar T, ta Nichicon gicciye, ta Nippon Chemi-Con kamar Y. Rigar Rubycon da gicciye a kai ta riga ta tona kanta. Mai injin ba da wuta da ake iya murɗawa zai iya ƙarasa gwajin a shago: a ba kafasita ɗin wuta ta resisto mai kilo-om ɗaya, a ɗaga a hankali har bolt ɗin da aka rubuta, a jira minti biyu, a auna wutar da ke kan resiston. Ga 1000µF 25V, ƙa'idar da kamfanoni ke bi ita ce yoyo kada ya wuce maikroamp 250, wato bolt 0.25 a kan resiston. Idan ya ƙi sauka ko gwangwanin ya fara ɗumi, a kashe. A juya samansa nesa da fuska yayin wannan gwaji.

Dalilin da ya sa wannan ya fi damunmu a nan fiye da masu gyara a Jos, zafi ne. Rayuwar kafasita mai ruwa tana raguwa da rabi a duk ƙarin digiri 10. A watan Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, a ɗakin kwano ya fi haka, cikin akwatin inbata da ke aiki kuma ba wuya ya kai 65. Kafasita mai alamar 105°C da awa 2000, a digiri 65 zai yi kusan awa 32,000, sama da shekara uku da rabi ba dare ba rana. Mai alamar 85°C da awa 2000 zai yi awa 8,000, bai cika shekara ba. Dukansu biyu za su nuna lambobi iri ɗaya a na'urar ranar da aka saye su. A karanta rigar, a bar na 85 ga wuraren da ba su ɗumi.

Sai MOSFET, inda kuɗi suka fi ƙonewa. Tun da sola ta yawaita a gidaje da shagunan caji, MOSFET mai lamba IRF3205 ya zama kamar gishiri a teburin mai gyara. Na gaske, bisa takardar bayanin International Rectifier, kamfanin da Infineon ya saya a 2015, yana ɗaukar bolt 55 da amp 110, turjiyarsa idan ya buɗe wa wuta hanya ba ta wuce miliom 8, ƙarfin ajiyar caji na ƙafar G, wadda ake kunna shi da ita, kuma kusan 3247pF ne. Jabun da ke yawo yawanci MOSFET ne na gaske, yana buɗewa yana rufewa, sai dai ƙwayar silikon da ke ciki ƙarama ce, irin ta wani mai arha, aka goge lamba aka buga 3205.

Na'urar za ta nuna N-E-MOS, ta jera ƙafafunsa uku G, D, S, ta ba da Vt, wato bolt ɗin da yake fara buɗewa, da kuma C ko Cg, wato ƙarfin ajiyar ƙafar G. Lamba ta ƙarshen nan ita ce taga da ake leƙa girman ƙwayar. Babbar ƙwaya tana da babban C. Kamfani yana auna tasa lambar da bolt 25 a kan D, ita kuwa na'urar da ƙaramar wuta take aunawa, don haka na asali yakan nuna sama da abin da ke takarda, ba ƙasa ba. IRF3205 da ya nuna 1.2nF ko 1.5nF, wato 1200pF ko 1500pF, bai kai ba, ya fi kama da IRFZ44N, wanda takardarsa ta ce 1470pF da miliom 17.5, ko ma wani da ya fi shi ƙanƙanta. IRFB4110 na inbata mai bolt 24 da 48 takardarsa ta ce 9620pF, don haka wanda ya nuna 3nF a mayar da shi. Vt na IRF3205 tsakanin bolt 2 da 4 yake. Idan aka ga 1.4 ko 1.6, wani jinsi ne daban aka sa wa sunan. Hanya mafi tabbas ita ce a samu guda ɗaya da aka ciro daga tsohon UPS na kamfani, a auna shi a wannan na'urar, a rubuta lambobinsa a jikin murfin akwati, a riƙa auna kowane sabo da shi.

Wasu nau'ikan na'urar suna nuna RDS, wato turjiyar da ke tsakanin D da S idan MOSFET ya buɗe, amma kada a kula ta. Ma'auninta a kashi ɗaya cikin goma na om yake tsayawa, wato miliom 100. Miliom 8 da miliom 30 duk abu ɗaya ne a idonta, alhali wannan bambancin ne ke ƙona inbata. Inbata mai wat 1000 a batir mai bolt 12 yana jan kusan amp 100. Idan MOSFET huɗu ne a kowane ɓangare, kowanne yana ɗaukar amp 25 rabin lokaci. A miliom 8 zafin da yake fitarwa wat 2.5 ne. A miliom 25 ya kusa wat 8, kuma turjiyar tana ƙaruwa yadda yake ƙara zafi. Da ƙwan fitila ɗaya a shago ba za a ga komai ba. Sai firji ya tashi da rana tsaka.

Gwajin da ke cike wannan giɓin ba ya buƙatar komai sai batirin mota da ƙwan fitilar mota mai wat 55. A haɗa S da ƙasan batir, wato kan da ke da alamar (−). A haɗa D da ƙwan, ɗayan bakin ƙwan ya tafi saman batir, wato kan da ke da alamar (+). A kai saman batir zuwa G ta resisto mai om 100, a sa mai kilo-om 10 tsakanin G da S. Ƙwan zai kama, yana jan kusan amp 4.5, gara a auna shi sau ɗaya a tabbatar. A sa multimita a milibolt, a taɓa allurorinta a kan ƙafafun D da S kansu, kusa da jikin MOSFET ɗin, ba a kan bakin kada ba, domin bakin kada shi kaɗai yana da turjiyar da ta fi abin da ake nema. Miliom 8 a amp 4.5 ba zai wuce milibolt 36 ba. Idan aka ga 80, ajin IRFZ44N ne. Idan aka ga 110 ko fiye, kada ya shiga inbatan kowa. A karanta cikin daƙiƙa biyar kafin ya yi ɗumi. Waɗanda za su yi aiki tare a ɓangare ɗaya kuma a zaɓe su daga leda ɗaya, Vt ɗinsu ya kusanci juna, tazarar kada ta wuce bolt 0.2. Mai ƙaramin Vt shi ke fara buɗewa ya makara rufewa, shi ke fara mutuwa, ya ja sauran. Idan biyu suka ƙone cikin huɗu, a canza huɗun, a duba resisto na G da direba, wato da'irar da ke tura su.

Masu gyaran amfilifayar masallaci da ta masu sanarwa a mota, nasu ciwon taransisto 2SC5200 da 2SA1943 ne na Toshiba: bolt 230, amp 15, wat 150. A nan na'urar tana da rauni. Za ta tabbatar NPN ne ko PNP, ta nuna jerin B, C, E, ta ba da hFE, wato yawan ninkin da yake yi wa wuta, wanda ga mai alamar R yake tsakanin 55 da 110, ga mai alamar O kuma 80 zuwa 160. Amma kamfani a amp ɗaya yake auna wannan, ita a 'yan miliamp, kuma jabu ma yana iya faɗawa cikin wannan tazarar. Wanda ya nuna 250 ko 300 kam ƙaramin taransisto ne a babbar riga. Dabarar da ta fi ita ce a saka ƙafa biyu kawai, B da E. Na'urar za ta ɗauke shi diyod ta nuna C ɗinsa, a kwatanta da na asali da aka ciro daga tsohuwar amfilifaya. Idan bai kai rabi ba, ƙwayar ƙarama ce. Ƙafafunsa suna da faɗi, ba sa shiga soket ɗin da daɗi, a yi amfani da gajerun wayoyi maimakon a tilasta a lalata ramukan. Wanda zai sayi ashirin ko hamsin kuma, ya sadaukar da ɗaya: a danne shi a bais a fasa. Idanu za su ga girman ƙwayar, kuma sau da yawa za a tarar da farin roba an shafe ta da shi, abin da aka saba gani a jabu. Maganaɗisu ma yana taimakawa. Bayan taransisto irin TO-220 da waɗannan manyan tagulla ne, bai kamata ya kama ba. Wannan bai shafi 2N3055 mai gwangwanin ƙarfe ba, shi ko na asali yana iya kamawa. Man goge farce a ɗan auduga kuma yana fito da rubutun da aka sake bugawa a kan baƙin fenti.

Akwai kayan da na'urar ke yi wa ƙazafi, kuma wannan ya sa mutane da dama sun zubar da lafiyayyun kaya. IGBT, manyan taransistocin injin walda, yawancinsu sai G ta kusa bolt 5 ko ta wuce kafin su buɗe, sai ta nuna kafasita ko diyod kawai. Manyan tirayak, masu kunna wutar AC, irin BTA16 suna neman wutar kunnawa fiye da miliamp ɗin da take da shi, sai ta nuna resisto. D1555 da D2499 na tsohuwar talabijin mai ƙusumbi suna da diyod da resisto a cikinsu, sai ta rikice. Zena, wato diyod mai tsayar da bolt, da ya wuce bolt 4.5 diyod na yau da kullum take ganinsa. Duk waɗannan iyakarta ce, ba mutuwarsu ba.

IC kuwa ba ta san shi ba sam. SG3525, TL494, UC3843, 7805, duk sai mai gyara ya haɗa ɗan allon gwaji da soket. Ba wuya: SG3525 idan ya samu bolt 12 zai fitar da 5.1 a ƙafa ta 16, TL494 zai fitar da 5 a ƙafa ta 14, UC3843 kuma 5 a ƙafa ta 8. Akwai kuskuren da ake yawan yi a kanta, a ba mutum UC3842 a ce ai ɗaya ne da UC3843. Na farkon sai wuta ta kai bolt 16 yake tashi, na biyun a 8.4 yake tashi, don haka a da'irar bolt 12 na farkon ba zai taɓa motsi ba. 7805 a ɗora masa resisto mai om 10 wat 5, wato rabin amp, a ga ko zai riƙe bolt 5 ɗinsa.

Ginin na'urar kanta ba mai ƙwari ba ne. Yawanci tsirara take zuwa, ba akwati, fuskarta kuma da siririyar igiya aka jona ta, faɗuwa ɗaya daga tebur na iya tsage ta. A saya mata akwatin roba ko a yanka mata na katako. Idan aka bar ta a rana fuskar tana yin baƙi har sai ta huce. Ƙurar hunturu tana cika ramukan soket, sai ESR ya riƙa hawa ba dalili, a goge da buroshi da ɗan sifirit a sake saitawa. Hunturu yana da wata illar kuma: busasshiyar iska tana tara wuta a jikin mutum da tufafinsa, irin wadda ke tsirawa idan an taɓa ƙofar mota. Wannan ta isa ta huda G na MOSFET, wanda bolt 20 ne iyakarsa. Shagon da ke zuba MOSFET a kwanon roba yana damawa da hannu yana iya sayar da na asali da ya riga ya raunata. A nemi wanda ke cikin bututunsa ko ledarsa mai ruwan azurfa, a naɗe ƙafafun da takardar alminiyom kafin a sa aljihu.

Yadda ake shiga shago da ita ma yana da ladabi. Ba a fito da na'ura kamar an zo kama ɓarawo. Mai shago zai ce, "Malam, wanga na asali na, jiya-jiya anka kawo shi." Amsar da ke gyara ciniki ita ce, "Na yarda, Alhaji. Bari in aza ɗaya ga na'ura, in ya yi in ɗauki ashirin." Mai shagon da ya amince, ya ma matso yana kallon lambobin, shi ne wanda za a riƙe, domin gobe shi zai mayar wa dillalinsa da leda. Wasu suna da kaya aji biyu, na kan kanta da na cikin durowa, kuma za su faɗa maka gaskiya idan ka tambaya kai tsaye ka nuna za ka biya bambancin. A yi sharaɗi tun kafin a ba da kuɗi cewa abin da bai taɓa dalma ba ana iya dawo da shi idan gwajin ƙwan fitila ya kayar da shi.

Ga kayan da ke ɗaukar nauyi, wato MOSFET na inbata, IGBT da taransiston fitar sauti, hanya mafi aminci ita ce dillalan da ke karɓa daga kamfanoni kai tsaye, irin Mouser da DigiKey a Amurka ko LCSC a Shenzhen. Kuɗin aikowa yana da nauyi ga mutum ɗaya, amma masu gyara biyar ko shida suna iya haɗa oda guda su raba. AliExpress kasuwa ce mai 'yan kasuwa dubbai, akwai nagari akwai akasin haka, don haka duk abin da ya zo daga can sai ya bi gwaje-gwajen nan. Tsofaffin UPS, akwatunan wutar kwamfuta da amfilifayoyin gwanjo ma'adana ce ta taransisto da diyod na asali, kuma su ne ke ba da abin kwatance. Kafasita mai ruwa ne kawai ba a so daga tsohon allo, ya riga ya ci rabin rayuwarsa. Resisto, ƙananan diyod, fiyus da soket kuwa, na shagunan gari sun wadatar, na'urar kuma tana tantance su cikin sauri.

Wanda zai saya ya juya allon ya karanta IC ɗin. Wasu sababbin bugu sun maye gurbin ATmega328 da wani mai arha, ko an goge lambarsa, kuma sukan yi kuskure a ESR da ƙananan kafasita, wasu ma ba sa karɓar saitawa yadda ya kamata. A gwada ta a gaban mai sayarwa da abu uku da aka san lambarsu: resisto mai om 10, kafasita na fim 100nF, da MOSFET na asali. Mai ɗan ƙarin kuɗi zai iya ɗaukar TC1, wata na'urar gwaji irinta, wadda ke da akwati da batir mai caji, tana kuma gwada zena har kusan bolt 30, sai dai ita ma da bolt 5 da 'yan miliamp take gwada taransisto, kuma matsalar sauya IC ta shafe ta. Ga mai koyo da mai shago ɗaya, LCR-T4 mai ATmega328 na gaske ta isa, a haɗa ta da batirin mota, ƙwan fitila mai wat 55 da 'yar leda ta kayan asali don kwatance.